Sautin Farko da Takun Farko: Nazari kan Saitin Mota

Akwai wani reshe na aikin gareji da masu mota da yawa ba sa ɗauka a bakin komai. Mota lafiyarta ƙalau, tana tashi, tana tafiya, tana tsayawa, amma mai ita ya kai ta wurin bakanike ya ce rediyon na razana shi duk sa'ad da ya murza makulli, ko birkin sai ya nutse kafin ya kama. Masu sukar wannan aiki kashi biyu ne. Na farko suna ganin tsirfa ce ta wanda ya ƙoshi, tunda injiniyoyin kamfani sun fi kowa sanin abin da suka ƙera, don haka a bar kaza cikin gashinta. Na biyu sun yarda da gyara, sai dai a wurinsu gyara shi ne sayen kaya: manyan sifiku a cikin but, jan kalifan birki ana hango shi ta tsakanin rim. Duka biyun sun tsallake abin da ake kira saiti, wato daidaita mota da jikin mai tuƙa ta ba tare da an taɓa asalinta ba. Ƙarar da rediyo ke tashi da ita da yadda birki ke amsa ƙafa su ne misalan da suka fi fito da darajar wannan fanni, domin dukkansu magana ce ta abin da ke faruwa a sakan na farko.

Tarihin ba shi da tsawo. Birkin motocin farko na sanda ne da waya, ƙarfin ƙafar direba shi ne ƙarfin tsayawa. Malcolm Loughead ya yi rajistar birki mai aiki da matsin ruwa wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, Duesenberg ta sa shi a ƙafa huɗu a 1921, Ford kuwa ta yi taurin kai har 1939. Rediyon mota ya bazu ne daga 1930 da Motorola a Amurka, Blaupunkt ta biyo baya a Jamus a 1932. A 1978 Bosch da Mercedes-Benz suka fito da nasu ABS, tsarin da ke hana taya kullewa in an taka birki, kuma daga 1996 aka wajabta wa motocin Amurka kafar OBD-II, wadda ake jona wa kwamfuta a yi magana da ƙwaƙwalwar mota. Kowane mataki ya ƙara wani abu a tsakanin jikin direba da ƙarfen da yake sarrafawa, kuma duk abin da aka ƙara yana da saiti. Motocin da suka cika titunan Kano da Kaduna da Maradi galibi 'yan Kwatano ne, an saita su ne don wani mutum a wata ƙasa, sun kuma yi shekaru kafin su iso. Wanda ya ce kada a taɓa abin da kamfani ya yi, sai ya fara nuna mana motar da har yanzu take yadda kamfani ya bar ta.

Matsalar ƙarar rediyo sabuwa ce, ci gaba ne ya haife ta. A tsohon rediyo mamurɗin sauti shi ne makunni. In ka murza ya yi ƙas, daga shiru yake farawa, kai ne za ka ɗaga shi. Rediyon zamani yana da ƙwaƙwalwa, yana komawa inda aka bar shi. Inda aka bar shi kuwa shi ne kan babbar hanya jiya da yamma, gilashi a sauke, iska da ƙugin taya suna gasa da mai karanta labarai. Da asuba a cikin gida, unguwa tsit, wannan sautin ne zai daki kunnen direba da na jaririn da ke baya. Kunne yana jin ƙarin desibel 10 kamar an ninka sauti sau biyu, saboda haka 'yan lambobi a fuskar rediyo ba ƙaramin bambanci ba ne. Maganin yana nan a rediyon motoci da dama, irin su Volkswagen da Opel da Chevrolet: a cikin jerin saitin sauti akwai iyakar ƙarar tashi, wadda ke hana rediyo farkawa sama da lambar da aka zaɓa, komai yadda aka kashe shi. Kusa da ita akwai saitin da ke ɗaga sauti gwargwadon gudu ya kuma sauke shi in an rage, wanda Volkswagen ke kira GALA. Wanda ya haɗa biyun ya kusan daina kai hannu ga mamurɗi. In kuwa rediyon kasuwa aka sa, yana manta komai da zarar an zare makulli, a duba wayarin: rawayar waya ta wutar batir ce ta dindindin, ja ta makulli ce, kuma a wasu motocin Jamus mazauninsu a soket a juye yake. Mai wayarin da ya san hannunsa zai musanya su cikin minti biyar. Wanda bai sani ba zai ce rediyon ne jabu.

Birki ne inda fasahar take da zurfi, kuma a cikin ayyukan birki babu wanda na fi ganin girmansa kamar cire iska. Tushen abin shi ne ƙa'idar da Blaise Pascal ya bayyana a ƙarni na 17: matsin da aka yi wa ruwan da ke kulle yana isa ko'ina a cikinsa daidai wa daida. Man birki ba ya matsuwa, iska tana matsuwa. Ƙwayar iska ɗaya a cikin bututu tana shanye wani ɓangare na takun direba kafin matsi ya kai taya, shi ne ƙafa ke jin kamar ta taka soso. Aikin na mutum biyu ne, oga a ƙarƙashin mota da sifana, yaro a kujerar direba. Ana sa siririn tiyo mai nuna ciki a bakin nonon kalifa, ɗaya bakin a kwalba mai ɗan mai a ƙasanta. Yaro ya taka sau uku ko huɗu a hankali, ya riƙe. Oga ya sassauta nono, mai ya fito da kumfa, feda ta sauka, oga ya ɗaure, sannan ya ce a saki. Duk sirrin yana cikin wannan jeri. In yaro ya ɗaga ƙafa kafin a ɗaure, iskar da aka kora za ta koma ta inda ta fito. In aka yi ta bugun feda da sauri kamar ana kiɗa, babbar ƙwayar iska za ta farfashe ta zama ƙananan kumfa masu wuyar fita. In aka shagala kofin mai na sama ya ƙafe, masta, wato famfon da feda ke turawa, ya zuƙi iska, an koma gidan jiya. A yawancin motoci ana farawa da tayar da ta fi nisa da masta a ƙare da mafi kusa, ko da yake wasu kamfanoni suna da nasu tsarin.

Inda ake gane gwani shi ne a abubuwan da ba a rubuta a jikin kwalbar mai. A tsohuwar mota ba ya bari yaro ya kai feda har ƙasa, sai ya sa guntun katako a ƙarƙashinta, domin robar fistin masta ta saba zirga-zirga a ɗan yanki guda. In aka tura ta can ciki inda tsatsa ta zauna sai ta yage, a zo gyaran iska a tafi da mataccen masta. Yana duba ko nonon kalifa yana sama, don iska sama take taruwa, kuma kalifan hagu da aka ɗaura a dama nononsa ƙasa yake kallo, ko an kwana ana zubar da mai ba za ta fita ba. Ya san cewa iskar da ta maƙale a akwatin ABS sau da yawa sai an jona kwamfuta ta motsa bawul ɗin ciki. Kafin duk wannan, da ƙafarsa yake karanta cutar. Feda mai laushi da ke ƙara tauri in an maimaita taku, iska ce. Mai saukowa ƙasa sosai amma ta tsaya ƙyam, a duba tazarar shu da gangar birkin baya. Mai nutsewa sannu a hankali alhali ƙafa na riƙe da ita, yoyo ne, ko a bututu ko a cikin masta. Mai tauri kamar dutse, a duba sabo, wato na'urar da ke ƙara wa ƙafa ƙarfi, ko tiyon da ke ba shi zuƙa daga inji, kuma gwajin kyauta ne: a kashe mota, a taka har feda ta yi tauri, a riƙe, a tayar, in ta ɗan sauka, sabo na aiki. Mai sayen jan kalifa bai bi ko ɗaya cikin waɗannan ba, ya bar jaki yana dukan taiki.

Shi kansa man yana tsufa, abin da direbobinmu suka fi ƙin yarda da shi. Nau'ukan man birki na DOT 3 da DOT 4 suna zuƙar danshi daga iska. Ƙa'ida ta ce sabon DOT 4 kada ya tafasa ƙasa da digiri 230 na Salshiyos, amma in ya sha ruwa kashi 3.7 cikin ɗari ma'aunin ya sauko zuwa 155; na DOT 3 daga 205 zuwa 140. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a canja shi duk shekara biyu. Motar da ke gangarowa Hawan Kibo da lodi, direba ya ɗora ƙafa a birki maimakon ya sauke giya, zafin faifai yana ratsawa har cikin mai. In ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa ɗan'uwan iska ne, feda ta tafi ƙasa babu komai. Bayan awa guda mota ta huce, birki ya dawo kamar bai yi laifi ba, sai a ce aljanun hanya ne. Masu zuba ruwan sabulu a kofin birki don tsimi ba sa buƙatar dogon martani: ruwa a digiri 100 yake tafasa.

Akwai suka ɗaya mai nauyi, ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. Ana cewa taurin feda ba ya rage nisan tsayawa. In birki na iya kulle taya ko tayar da ABS, to abin da ya rage tsakanin roba ne da kwalta. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa tiyo mai saƙar ƙarfe, wanda ba ya kumbura kamar tsohon tiyon roba, ba zai ceci mai sulɓaɓɓiyar taya ba. Haka masta mai faɗin ciki yana gajarta tafiyar feda amma yana neman ƙarin ƙarfin ƙafa, ciniki ne ba riba ba. Sai dai wannan lissafi na filin gwaji ne, inda direba ya san inda zai taka. A hanya mota mai gudun kilomita 100 tana cin kusan mita 28 a sakan guda. Direban da ya saba sai ya taka sau biyu kafin birki ya kama ya riga ya ba da tsawon motoci da dama kyauta. Kuma yawancin tsayawa ba ta gaggawa ba ce, ta aune ce: bayan Keke Napep da ya tsaya ba sigina, a kan yashin da iska ta share zuwa kwalta, a ruwan farko na damina. A nan ƙafa na buƙatar ta san cewa matsi kaza zai ba da riƙo kaza, yau da gobe.

Wannan ne ya haɗa rediyo da birki, duk da cewa ɗaya nishaɗi ne ɗaya rai ne. Jiki yana yin hasashe kafin ya motsa, kuma tuƙi mai kyau shi ne wanda hasashen da amsar mota suka dace har direba ya manta da injin. Rediyon da ya tashi da tsawa yana janye ido da hannu a daidai lokacin da ake ja da baya daga ƙofar gida, yara na wasa a lungu. Fedar da ke canja hali tana koya wa ƙafa shakka. Ni a ganina feda ma'auni ce, ita kaɗai ce a mota da ake karantawa ba da ido ba, kuma mai saiti aikinsa shi ne ya hana ta ƙarya. Abin da ya sa nake ɗari-ɗari da birkin lantarki ke nan, inda feda ba ta matsa mai kai tsaye, sai wata na'ura ta ƙirƙiro mata tauri, kwamfuta ta yanke yawan matsin da zai je taya. Mercedes-Benz ta gwada irinsa da sunan SBC a farkon shekarun 2000, ta yi ta kiran motoci gyara, ta cire shi daga E-Class a 2006. Dabarar ba ta mutu ba, motoci masu haɗa fetur da batir irin Toyota Prius suna dogara da makamanciyarta don su raba aikin tsayawa tsakanin janareta da faifai. Injiniyoyin ma sun yarda cewa ƙafa na son amsa, shi ya sa suke ɓata lokaci wajen kwaikwayon ta. Amma amsar da aka kwaikwaya iri ɗaya ce ko man sabo ne ko ya sha ruwa, labarin sai dai ya zo ta fitila a dashbod. Irin waɗannan motoci sun fara sauka a Kwatano, kuma yaron da ke kujerar direba yana jiran a ce masa riƙe zai tarar ogansa na neman soket ɗin kwamfuta a ƙarƙashin sitiyari.