BABI NA HUƊU: TARKEN TALLAR WILLIE HORTON A ZAƁEN SHUGABAN ƘASAR AMURKA NA 1988

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo tarihin yadda launin fata ya shiga siyasar Amurka har zuwa lokacin da aka kafa dokar 'yancin jefa ƙuri'a a shekarar 1965. A wannan babi kuwa za a ɗauki talla guda ɗaya ta talabijin a yi mata filla-filla, wato tallar da aka fi sani da sunan Willie Horton. Dalilin zaɓen ta shi ne, tun daga farkonta har ƙarshenta ba a ambaci baƙar fata ko farar fata ba, amma duk da haka ita ce misalin da masana suka fi kawowa idan ana maganar amfani da ƙyamar baƙaƙe wajen neman ƙuri'a. Abin da za a bincika ke nan: ta yaya talla za ta faɗi abin da bakinta bai furta ba?

4.1 Asalin Labarin

A zaɓen 1988 an kara tsakanin George Bush, mataimakin Shugaba Reagan, na jam'iyyar Rifablikan, da Michael Dukakis, gwamnan jihar Massachusetts, na jam'iyyar Dimokurat. William Horton kuwa fursuna ne baƙar fata. An yanke masa hukuncin ɗaurin rai da rai tare da wasu mutum biyu saboda kisan wani yaro ɗan shekara 17 mai aiki a gidan mai a garin Lawrence a 1974. Jihar tana da wani tsari na barin fursunoni su fita na kwana ɗaya ko biyu su dawo. A watan Yuni na 1986 aka bar Horton ya fita, bai komo ba. A watan Afrilu na 1987 ya shiga wani gida a jihar Maryland, ya yi wa maigidan rauni da wuƙa, ya yi wa matar da zai aura fyaɗe. Kotun Maryland ta ɗaure shi rai da rai sau biyu da ƙarin shekara 85.

Wajibi ne a faɗi tun a nan cewa laifin ya faru, kuma mummuna ne. Haka nan Dukakis yana da abin da zai amsa, domin a 1976 ya ƙi sa hannu a kan dokar da za ta hana masu kisan kai da gangan cin moriyar wannan tsari. Ba a soke musu shi ba sai a watan Afrilu na 1988, bayan wata jarida ta garin Lawrence ta daɗe tana tonon silili. Saboda haka duk tarken da ya ce ƙarya ce tsagwaronta aka shirya wa Dukakis bai yi adalci ba. Matsalar tallar tana wani wuri dabam.

4.2 Zubi da Tsarin Tallar

Tallar ba ta wuce daƙiƙa talatin ba. Ba kwamitin yaƙin neman zaɓen Bush ne ya fitar da ita ba, wata ƙungiya ce mai zaman kanta da ke goyon bayansa, kuma an fara nuna ta a watan Satumba a tashoshin talabijin na kebul. An buɗe ta da hoton 'yan takarar biyu. Murya ta ce Bush yana goyon bayan hukuncin kisa, Dukakis kuwa yana adawa da shi, har ma yana barin masu kisan kai su tafi hutun ƙarshen mako. Daga nan sai hoton Horton ya cika fuskar talabijin, hoton da 'yan sanda suka ɗauka, da gashi buzu-buzu da gemu, yana kallon mai kallo. Sai aka zayyana laifuffukansa, ana rubuta kalmomin sacewa da suka da fyaɗe ɗaya bayan ɗaya. Aka rufe da hoton Dukakis.

Idan aka lura za a ga cewa an raba aiki tsakanin kunne da ido. Abin da kunne ke ji batun manufa ne: hukuncin kisa da tsarin gidajen yari. Abin da ido ke gani kuwa fuskar baƙin mutum ce tare da kalmar fyaɗe. Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma a kan wannan aka gina tallar. Wanda ya kalla zai iya mantawa da adadin hutun da aka ce an ba Horton, amma da wuya ya manta da fuskar. Sa'annan jerin hotunan ya sa fuskar Dukakis ta biyo bayan ta Horton, har mai kallo ya riƙa ganin su a matsayin abu guda.

Akwai kuma abubuwan da aka tsallake. Ba Dukakis ne ya ƙirƙiro tsarin ba, an kafa shi ne a 1972 a zamanin Gwamna Francis Sargent, ɗan jam'iyyar Rifablikan. Jihohi da dama da gidajen yarin gwamnatin tarayya suna da irin wannan tsari a lokacin, ko da yake Massachusetts ta yi nisa wajen shigar da masu ɗaurin rai da rai. Mutum uku kotu ta kama da laifin kisan 1974, amma tallar ta danƙa wuƙar a hannun Horton shi kaɗai. Ko sunan ma an taɓa shi. Mutumin ya bayyana daga baya cewa William ake kiran sa, ba Willie ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a kudancin Amurka an daɗe ana gutsure sunan baƙin mutum ana kiran sa kamar yaro ko da ya yi furfura.

4.3 Salon Habaici

A adabin Hausa an bambanta zambo da habaici. Mai zambo yakan kama suna ko ya siffanta mutum ƙarara. Mai habaici kuwa yakan sakaya, ya bar wa mai sauraro ya ƙarasa da kansa, in an tuhume shi ya ce ai bai kama sunan kowa ba. Tallar Horton zambo ce ga Dukakis, amma habaici ce ga baƙaƙen Amurka baki ɗaya.

Habaici ba ya aiki sai mai sauraro ya riga ya san zancen. Abin da fararen Amurka suka riga suka sani shi ne tsohon tsoron nan na cewa baƙin namiji barazana ne ga farar mace. Da wannan zargi aka riƙa rataye baƙaƙe ba tare da shari'a ba a jihohin kudu. A kansa aka gina wani sanannen fim na 1915 da ya wanke ƙungiyar Ku Klux Klan, kuma saboda zargin yi wa wata farar mace rashin kunya aka kashe Emmett Till, yaro ɗan shekara 14, a Mississippi a 1955. Tallar ba ta ce waɗanda Horton ya cuta farare ba ne. Ba ta bukaci ta faɗa ba, tunda gidajen talabijin sun nuna su a labarai, kuma mutumin da aka soka ya zagaya wasu jihohi yana ba da labarinsa.

Wannan dabara ba a 1988 aka fara ta ba. Lee Atwater, wanda ya jagoranci yaƙin neman zaɓen Bush, ya taɓa bayyana ta a wata hira a 1981. Ya nuna cewa a shekarun 1950 ɗan siyasar kudu yana iya zagin baƙaƙe a fili, amma zuwa 1968 yin haka sai ya jawo masa asara, don haka sai aka koma maganar 'yancin jihohi da rage haraji da makamantansu. Ke nan bayan dokar 1965 ƙyamar ba ta mutu ba, riga ta sauya. Amfanin sabuwar rigar shi ne tana ba mai jefa ƙuri'a damar bin tsoronsa ba tare da ya ɗauki kansa mai wariya ba. Zai ce laifi yake ƙi, kuma a ransa ya yarda da hakan.

Ita kuwa tallar da kwamitin Bush ya fitar da kansa a watan Oktoba, ta nuna fursunoni suna shiga suna fita ta wata ƙofa mai juyawa. Ba a ambaci Horton ba, kuma galibin fursunonin farare ne. Amma a lokacin Bush ya riga ya shafe watanni yana kiran sunan Horton a jawabansa, tun daga watan Yuni. Wata talla ta ajiye fuska, wata ta ajiye ƙofa, mai kallo ya haɗa su.

4.4 Tasirinta a kan Ƙuri'a

A nan ne ya kamata a yi hattara, domin an sha cewa wannan talla ce ta kayar da Dukakis. Hujjar da ake kawowa ita ce, a ƙarshen watan Yuli ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup ta nuna yana gaba da maki 17, amma a watan Nuwamba Bush ya lashe jihohi 40 da ƙuri'un wakilai 426, Dukakis ya tashi da 111. Sai dai wannan tazara ta riga ta zube tun bayan babban taron jam'iyyar Rifablikan na watan Agusta, kafin a fara nuna tallar. Ga tattalin arziki yana tafiya daidai, ga farin jinin Reagan. Shi ma Dukakis ya taimaka wajen kayar da kansa. A muhawarar 13 ga Oktoba an tambaye shi ko zai goyi bayan hukuncin kisa in da matarsa aka yi wa fyaɗe aka kashe, sai ya amsa a sanyaye kamar mai karanta rahoton ofis.

Abin da bincike ya fi tabbatarwa ya fi wannan ƙanƙanta, amma ya fi shi muhimmanci. Jamieson (1992) ta nuna yadda 'yan jarida suka ɗauki kalmomin masu tallar suka mayar da su nasu, har labarai suka yaɗa ta fiye da yadda kuɗin masu ita zai iya. Mendelberg (2001) kuwa ta gano cewa labarin Horton ya fi motsa fararen da dama can suna da ƙullin baƙaƙe a zuciya, kuma abin da ya ƙaru a wurinsu shi ne adawa da manufofin taimakon baƙaƙe, fiye da damuwa da yawan laifuffuka. In da batun laifi ne zalla, da akasin haka za a gani. Ta ƙara da cewa ƙarfin saƙon ya ragu bayan Jesse Jackson da wasu sun fito a ƙarshen Oktoba sun kira shi wariya a fili.

Wannan magana ta ƙarshe ta dace da yadda habaici yake, wato da zarar an fassara shi a bainar jama'a sai kaifinsa ya dushe. Amma ba a rasa abin cewa a kanta ba. Makonni biyu kacal suka rage a yi zaɓe, lokacin da abubuwa da yawa ke faruwa tare, don haka da wuya a ware tasirin maganar Jackson ita kaɗai. Haka kuma zaɓen 2016, inda Donald Trump ya yi maganganu ƙarara a kan baƙin haure 'yan Meziko da Musulmi kuma ya yi nasara, ya sa dole a tambaya ko wannan ƙa'ida ta kowane zamani ce, ko kuwa ta zamanin da ake jin kunyar a kira mutum mai wariya ce kawai.

Kwamitin Bush dai ya musanta cewa yana da hannu a tallar, ya kuma musanta zargin wariya. A farkon 1991, yana fama da ciwon daji a ƙwaƙwalwa, Atwater ya nemi gafarar Dukakis a mujallar Life saboda maganganu biyu da ya yi a lokacin zaɓen, ɗaya daga ciki ita ce cewa zai mayar da Horton abokin takarar Dukakis. Dalilin nadamarsa a kan wannan, in ji shi, shi ne ta sa an ɗauke shi mai wariya alhali shi ba haka yake ba. Ya rasu a watan Maris na wannan shekara yana da shekara 40.