Yuna tsakanin sanda da bindiga

A wasan Final Fantasy X na 2001, Yuna ta ɗauki sanda ta nufi mutuwa domin ceton al'ummarta, faɗan kuma yakan dakata har mai wasa ya yi nazari. A kashi na biyu, a 2003, an miƙa mata bindigogi, faɗa ya zama na gaggawa, gwaninta ta koma canjin sutura. Labarin ya kawo hujja: dodon ya halaka, ta fita neman Tidus. Sai dai hanzarin ya hana alhininta zama. Abubakar Imam ya naɗa Aku waziri cikin Magana Jari Ce, ya bar masa bakinsa. Wannan ma'auni ya ishi malaman Gazawa da Gidan Rumji su auna kowane labari mai kashi biyu.