Ujubu a Ihya'u: Inda Gazali Ya Riga Likitoci da Inda Maganinsa Ya Tsaya

A littafi na 29 na Ihya'u Ulumiddin, wanda ya keɓe wa zargin girman kai da ujubu, Imam Gazali (ya rasu 505 bayan Hijira) ya raba abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Girman kai sai da wanda za a raina. Ujubu kuwa, wato jiji da kai, yana iya kama mutum ko da shi kaɗai aka halitta. Sannan ya bi sawun cutar cikin mu'amala: mai ita ba ya tambaya, ba ya shawara, yana kallon mai yi masa nasiha da idon raini. Mafi wuyar magani, a ganinsa, shi ne ujubu da kuskuren ra'ayi, domin mai shi bai san ba shi da lafiya ba.

Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka sun shigar da matsanancin jiji da kai cikin kundinsu na DSM a 1980. Bugun 2013 ya jera alamomi 9, ana tabbatar da cutar idan 5 suka haɗu, ciki har da ƙishirwar yabo da rashin tausayi. Mai karatun Ihya'u ba zai ga baƙon abu da yawa a nan ba.

Sai dai maganin Gazali ya ginu a kan cewa tushen ujubu jahilci ne, ilimi kuma ke tumɓuke shi: bawa ya san kowace baiwa daga Allah take. Wannan yana amfanar salihin da ujubu ya ɗarsu a zuciyarsa. Wanda abin ya zame masa ɗabi'a fa? Irinsa yakan haddace babin, ya karantar da shi a zaure, ya ƙara da shi cikin abin alfaharinsa. Heinz Kohut da Otto Kernberg sun nuna cewa ƙarƙashin wannan kumburi sau da yawa akwai rauni da kunya mai tsanani, shi ya sa ƙaramin gyara ke jawo fushi mai yawa. Nasiha a bainar jama'a takan ƙara masa taurin kai.

Akwai kuma waɗanda babin bai tsaya a kansu ba, domin da mai cutar yake magana: matar da ba a taɓa ba ta haƙuri ba, da almajirin da ya daina tambaya don tsoron wulaƙanci. Kiran abin cuta ba ya ɗauke taklifi daga mai hankali, kuma haƙƙin waɗannan yana nan a wuyansa.