Banjon da ke Cikin Kwamfuta

Banjo wani abin kiɗa ne na mutanen Amurka, mai tsirkiya biyar da fata ɗaure a fuskarsa kamar ta ganga. Asalinsa kuwa daga bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne, su suka fara haɗa shi da ƙwarya da fata a tsibiran Karibiyan. Wani likita Bature, Hans Sloane, ya ga irinsa a Jamaika wajen 1688, har ya sa zanensa cikin littafinsa na 1707. Wanda duk ya san gurmi ko kuntigi, in ya ga banjo ba zai kasa gane dangantaka ba.

To, yanzu an sami dabarar sa wannan abin kiɗa cikin kwamfuta. Tun 1999 kamfanin Steinberg na Jamus ya buɗe hanyar da za a liƙa kayan kiɗa na manhaja a jikin manhajar haɗa waƙa. Yadda a kan yi, sai a ɗauko gwanin makaɗi ya taɓa kowace tsirkiya a kowane matsayi, da ƙarfi da kuma a hankali, sau da yawa, a naɗe muryoyin duka a ajiye. Mai haɗa waƙa ya danna madanni, sai muryar da ta dace ta fito.

Lalle abin yana da amfani. Yaron da ba shi da kuɗin sayen banjo, ba shi kuma da na hayar makaɗi, yana iya gama waƙarsa cikin ɗakinsa da dare ɗaya. Tsirkiya ba ta tsinkewa, damina ba ta sa fata ta saki.

Amma fa kama da wane ba ta wane. Muryar banjo ba ta daɗewa, da an taɓa ta sai ta mutu, saboda haka daɗinsa yana ga yadda yatsu ke bin juna. Earl Scruggs, wanda ya shiga ƙungiyar Bill Monroe cikin 1945, ya shahara ne da kiɗan yatsu uku, watau babban yatsa da manuni da na tsakiya suna karɓa wa juna, babban yatsa yana komawa kan gajeriyar tsirkiyar nan ta biyar a kai a kai. Wanda bai san wannan ba, ya kan danna muryoyi huɗu ko biyar gaba ɗaya kamar mai kaɗa fiyano, ko kuwa ya jera su daidai wa daida da ƙarfi iri ɗaya. Abin da ke fitowa muryar banjo ce, amma babu makaɗi a ciki, kunne kuwa ba ya daɗewa bai gane ba.

Laifin ba na na'ura ba ne kaɗai, domin masu kyau daga cikinsu suna da jan yatsa bisa tsirkiya da sauran kwalliya. Babban abin tsoro shi ne a wayi gari masu haɗa waƙa ba su taɓa zama gaban makaɗi ba, makaɗin kuma ya rasa mai kiransa, ya rataye abin kiɗansa. In haka ta faru, wa za a naɗa gobe?

Saboda haka wanda zai yi aiki da banjon kwamfuta, ya kamata ya fara sauraron gwanaye har ya san aikin kowane yatsa, sa'an nan ya taɓa madanni. In kuwa banjo ne zai ja waƙar, to, ya nemi makaɗi ya biya shi ladansa.