Tsohon Wasa Cikin Sabuwar Riga: Sharhi Kan Castlevania

A shekarar 2021 kamfanin Konami na Japan ya sake fitar da wasannin Castlevania uku da suka fito a ƴar na'urar hannu ta Game Boy Advance tsakanin 2001 da 2003, domin kwamfuta da na'urorin zamani. Jigonsu yaƙi da Dirakula, mai shan jinin mutane.

Mafi armashi shi ne Aria of Sorrow na 2003. Jaruminsa, Soma Cruz, yana kama kurwar dodannin da ya kashe, ya mallaki ƙarfinsu. Ɗan Madarunfa ba ya buƙatar tafinta a nan, domin a wurinmu wannan maita ce. Wasan kuwa tambaya yake yi: mai irin wannan iko zai tsira da mutuntakarsa?

Aibin sabon zubin shi ne damar mayar da wasa baya duk lokacin da aka faɗi. Tsohon wasan haƙuri yake koyarwa, wannan dama kuwa ta rage masa gishiri.

Duk da haka an adana zane da kiɗa yadda suke. Ya kamata malamai da ƙungiyoyinmu su yi wa tatsuniyoyin Dodo da mayu irin wannan gata, tun masu bayar da su suna raye.