Cece-kuce Kan Sauya Sunan Babban Zauren Wasan Kwaikwayo Na Ƙasa

A watan Yuli na 2024, lokacin da Farfesa Wole Soyinka ya cika shekara 90, Shugaba Bola Tinubu ya sa wa Babban Zauren Wasan Kwaikwayo na Ƙasa da ke Iganmu a Legas sunansa. An gama gina zauren a 1976, kuma a cikinsa aka yi da yawa daga wasannin bikin FESTAC na 1977. Sanarwar ta jawo muhawara, kuma mu marubuta bai kamata mu yi shiru ba.

Masu goyon baya suna da hujja mai ƙarfi. Soyinka ne baƙar fata na farko daga Afirka da ya karɓi kyautar Nobel ta adabi a 1986, ya kuma yi zaman kurkuku daga 1967 zuwa 1969, akasari a Kaduna. Masu suka kuwa sun tuna da Hubert Ogunde, wanda ya kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta sana'a tun 1945, ya rasu a 1990.

Mu dai a namu ganin, cancantar Soyinka ba abin jayayya ba ce. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda aka yi abin. Gida ne na kowa, Bahaushe da Bayarabe da Inyamuri da Tibi, amma aka sauya masa suna da sanarwa ɗaya daga fadar shugaban ƙasa. Mun ga haka a 2012, da aka raɗa wa Jami'ar Legas sunan Abiola, ɗalibai suka fito zanga-zanga, sunan bai zauna ba. Shi kansa Soyinka yana cikin waɗanda suka soki wancan mataki. Abin da hukuma ɗaya ta raɗa, wata na iya gogewa.

Sai dai akwai tambayar da ta fi shafarmu. An gyara zauren, an sake buɗe shi a watan Oktoba na 2025. To, wane wasan Hausa za mu kai can? Soyinka ya samu wannan girma ne da rubutattun wasanni da ake sake shiryawa shekara da shekaru. Mu ma muna da irinsu, kamar Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, amma yawancin matasanmu sun karkata ga labarin fim, sun bar dandamali. Ya kamata 'yan uwa marubuta, musamman masu tasowa, mu koma ga rubuta wasan da za a iya yi a gaban jama'a, rassan ƙungiyarmu kuma su riƙa shirya shi ko da a farfajiyar makaranta ce.