Jinjina ga Masu Wayarin na Maiduguri

Fitilar mota da ta mutu gaba ɗaya ba ta ba mai wayarin wahala. Wadda ke cin ransa ita ce mai kamawa yanzu, ta ɗauke anjima, sannan idan an kawo motar gareji ta haska tamkar ba ta taɓa laifi ba. Irin wannan ciwo ya fi yawa a tsofaffin motoci, su J5 da fijo 504 da har yanzu ake lallaɓawa.

Ka je wajen Tashar Kano ko Tashar Baga, za ka tarar da masu wayarin rabin jiki a ƙarƙashin sitiyari, da ɗan kwan gwaji a hannu. Sai sun duba fis da rile, su jijjiga waya ɗaya bayan ɗaya, yaron shago na tsaye a gaba yana cewa, "Oga, ta kawo! Ta ɗauke!" Sau da yawa laifin tsatsa ce a inda waya ta kama jikin ƙarfen mota, ko robar waya da zafin Borno ya gasa ta tsage. Aikin wuni guda, kayan gyaran kuwa ba su kai kuɗin shayi ba, shi ya sa mai mota ke raina ladan.

Bayan ambaliyar madatsar Alau a Satumbar 2024, motocin da suka kwana cikin ruwa sun yi ta wannan ciwo, domin laka ta shige kowane soket. Masu wayarin ne suka zauna suna buɗewa, suna kankarewa, suna busarwa, har direban da magariba ta riska a hanya ya samu abin ganin gabansa.